Ranar Da Na Zauna Yara Suka Zana Ni

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya, mai fataucin citta da hatsi, ya gabatar a taron wata-wata a Samaru Kataf game da ajin zane na matasa. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, sai 'yan gyare-gyare kaɗan.)



Ni dai kun san ni, ba ma'abucin tsayuwa gaban jama'a ba ne. Aikina awo da ciniki, in an bar ni da buhun citta da sikeli to an gama mini komai. Karatuna kuwa na allo ne da Islamiyya, sai ɗan abin da ba a rasa ba na firamare. Saboda haka in na yi tuntuɓen harshe a yi mini afuwa, malamai kuma su gyara mini, domin ba fatawa na zo bayarwa ba, rahoto na kawo.

A taronmu na watan jiya an ta da magana a nan, har murya ta ɗan hau, cewa wai akwai wani aji da matasa suka buɗe a garin nan, inda ake tara yaranmu maza da mata tare da 'ya'yan maƙwabta ana koya musu zanen mutane. Wani ya ce ya ji har tuɓe mutum ake yi a sa shi a gaba. Wani ya ce dabara ce ta janye mana yara. Ni ina zaune can kusa da taga ban ce uffan ba, amma da shugaba ya ce wa zai je ya gano mana, kun ga na riga kowa ɗaga hannu. Abin da ba ku sani ba a ranar shi ne, 'yata ta uku tana cikin masu zuwa ajin, kuma ni na ba ta kuɗin takarda da hannuna, ban ko tambayi takardar mece ce ba. Wallahi a daren nan ban yi barcin kirki ba. Uwargida ta ce in kira yarinyar in tsare ta da tambaya, na ce a'a, gani ya kori ji.

Ranar Asabar ta biyu bayan Ƙaramar Salla, cikin watan Afrilu, na rufe shago da wuri na tafi ba tare da na sanar da kowa ba. Wani ɗakin makarantar firamare suke ara. Na tarar da yara 19, na ƙirga su. Bakwai namu ne, sauran 'ya'yan Atyap ne, waɗanda muka saba kira Katab, da na Bajju, sai yaro ɗaya Ibo. Malamin nasu saurayi ne ɗan ƙasar nan, Kirista, ya yi karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ba wanda ke biyansa, yaran ne ke haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa a sayi takarda da fensir, gawayi kuwa daga murhun iyayensu mata suke ɗebowa. Da ya gan ni a bakin ƙofa ya taso ya rusuna ya gaishe ni, ya ce, “Baba Alhaji, sannu da zuwa, bismillah ga benci.” 'Yata kuwa ta sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Abin da na fara tararwa ba mutum ba ne a gaba, furanni ne. An ɗora tebur a tsakiyar ɗaki, an shimfiɗa masa farin ƙyalle, an sa wani ɗan tulu da kwalba guda, an cika su da abin da yaran suka tsinko a hanya. Ruwa ya sauka sau biyu kafin ranar, saboda haka albasar kwaɗi ta fito, ga ta fara da jan layi a tsakiya. Ga furen marga rawaya yana reto kamar an rataya sarƙa. Ga na zogale, ga na tumfafiya, sai wani reshe na itacen nan mai jan fure da ake gani a tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa a Kafanchan, wani yaro ya taho da shi a kan babur. Malamin ya ce sun so su sami furen ɗorawa amma lokacinsa ya wuce. Ya gaya musu cewa Turawa suna irin wannan zama ne idan sanyinsu ya wuce itatuwa suka fara toho, kuma a ƙasar Holan, kimanin shekara 400 da suka wuce, akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su zana furanni a cikin tulu attajirai su saya. Mu namu lokacin, in ji shi, shi ne ƙarshen bazara, da ruwan farko ya taɓa ƙasa.

To ga abin da ya fara ba ni mamaki. Sai ya hana kowa taɓa fensir har minti goma. Ya ce a zauna a duba kawai. A duba ta ina haske ya shigo, ina inuwa ta faɗi, wane reshe ne ya tsaya gaban wane. Ya sa aka rufe taga ɗaya don hasken ya zo ta gefe guda. Can sai ya juyo gare ni yana murmushi ya ce, “Baba, furen tumfafiya ganye nawa gare shi?” Jama'a, shekarata hamsin da 'yan kai ina wuce tumfafiya a bakin hanya, mun yi wasa da 'ya'yanta muna yara, mun san ruwanta ba ya shiri da ido, amma na rasa amsa. Na tashi na je na ƙirga, biyar ne. Na albasar kwaɗi shida. Ni da nake taƙama ina iya gane cittar Kachia daga ta wani wuri ta hanyar karya ta in shinshina, ashe abin da na sa wa ido don kuɗi shi kaɗai na sani.

Sun yi kamar awa guda suna zanen. Zafi ya sa margar ta fara zubewa a kan ƙyallen, wata yarinya ta ce a share, malamin ya ce a'a, a zana har da wanda ya zube, ai haka Allah Ya nuna muku shi yau. Na zaga ina leƙa takardunsu. Wasu dai sai a hankali, tulun ya karkace kamar zai faɗi. Amma akwai yaro ɗaya namu, ɗan wani mai gyaran keke, wanda na san an sha korar sa daga aji don rashin ƙoƙari, wallahi da gawayi kawai ya fito da albasar kwaɗin nan har ka ce ka sa hannu ka ɗauka.

Yanzu sai in zo kan abin da ya ta da ƙura.

Bayan hutu aka kawar da teburin aka ajiye kujera. Wani tsoho mai gadi ne ya saba zauna musu, su ɗan ba shi na goro, amma ranar bai zo ba, ruwa ya sauka ya tafi gona. Malamin ya yi ta sosa ƙeya, can ya ce, “Baba Alhaji, ko za ka taimaka mana?” Na yi shiru. Sai na ce a raina, kai da aka aiko ka gano yadda ake yi wa wanda aka sa a gaba, ai babu hanyar da ta fi ka zauna a wurin da kanka. Na gyara hulata, na tattare babbar rigata, na zauna.

Da farko ya ce in tsaya minti biyu-biyu sau uku: ina tsaye, ina dogare da sanda, ina miƙa hannu kamar ina karɓar kuɗi. Wannan na ukun bai ba ni wahala ba. A nan ba fuska ake nema ba, sai yadda jiki ya karkata da ƙafar da nauyi ya sauka a kanta. Daga nan aka shiga dogon zama, minti ashirin sau biyu, ba motsi. Ku da kuke dariya, ku gwada zama minti ashirin ƙuda na yawo a kan hancinku. Sai na ga kowane yaro ya miƙe hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya, yana auna ni da babban yatsa. Ashe awo ne irin namu, sai dai mudunsu kan mutum ne. Malamin ya ce tsawon baligi yakan kai kamar kansa bakwai da rabi, kuma idanu a tsakiyar kai suke, ba can sama kusa da goshi ba inda kowa ke kai su. Ya ce babbar riga ta fi kwat wahalar zanawa, domin tana haɗiye mutum, sai mai zane ya nemo inda kafaɗa da gwiwa suka tokare ta, sa'an nan ya bi lanƙwasar yadin daga can.

A hutun tsakiya na ja shi gefe na tambaye shi maganar tuɓe mutum, ba tare da kwana-kwana ba. Bai ɓoye mini ba. Ya ce gaskiya ne a makarantun zane na Turai da wasu wurare ana yin haka don a san ginin jiki, amma a ajin nan ba a taɓa yi ba, ba kuma za a yi ba, shi ma yana da iyaye da limamin cocinsa da zai amsa wa. Ya ɗauko mini wani littafi daga jakarsa mai hotunan ƙashi da tsoka, irin wanda ake gani a bangon asibiti, ya ce yana zaton shi wani yaro ya leƙa ya kai labari gida. Na duba littafin shafi-shafi. Na ce masa ya riƙa barin sa a gida, ya ce to.

Akwai wani abu da ya same ni a kan kujerar nan wanda ban yi niyyar faɗa ba, amma uwargida ta ce in ban faɗa ba rahotona bai cika ba. Mu 'yan kasuwa hannunmu ake kallo da sikelinmu, ba fuskarmu ba. Kuma ku dattawa kun sani, tun abin da ya faru a Zango a 1992, wanda ya fara a watan Fabrairu kan maganar ta da kasuwa, ya dawo da muni a watan Mayu, sa'an nan na 2011 bayan zaɓe ya zo ya ƙara a Zonkwa da Kafanchan, mu da maƙwabtanmu kallon gefen ido muke yi wa juna. A yi ciniki, a gaisa, kowa ya kama gabansa. Ba ta da tsohon miki na zo yi ba, kowane ɓangare ya binne nasa, Allah Ya kiyaye gaba. Amma ranar nan wata yarinya 'yar Atyap, ba za ta wuce shekara goma sha biyar ba, ta zauna daf da ni tana kallon fuskata minti arba'in, ba tsoro ba raini, tana neman inda haske ya sauka a kumatuna. Ban tuna ranar da wani daga cikinsu ya dube ni haka ba, ni ma ban tuna ranar da na dubi wani nasu haka ba. Can ta ce, da Hausarta tsaf, “Baba, wannan tabon na gefen girarka fa, in sa shi ko in bar shi?” Na ga ta yi tambayar a ɗarare, wataƙila tana zaton na wancan lokacin ne. Na ce, “Sa shi 'yata, jakin babana ne ya kayar da ni a Zango ina ɗan shekara tara.” Ɗakin duka aka fashe da dariya, malamin na cewa Baba ka motsa. Da muka yi hira daga baya, ashe kakarta na cikin matan da ke kawo wa mahaifina citta da daddawa.

Mahaifin nan nawa, Allah Ya jiƙansa, hotonsa ɗaya ne tak a duniya, wanda ya ɗauka don fasfo na aikin Hajji aka ƙara masa girma. Ya ƙone tare da gidanmu a watan Mayun 1992, ina ɗan shekara 21. Shi kuma ya rasu bayan shekara uku. Yau 'ya'yana suna tambayata yaya kakansu yake, sai in ce dogo ne, baƙi, mai saje. To dogo baƙi mai saje ai sun fi dubu a ƙasar nan. A daren ranar da aka zana ni na kwanta ina ƙoƙarin tuno yadda kunnensa yake da yadda hancinsa ya sauka, na kasa. Shekara ashirin da huɗu muna tare, ban taɓa duban sa irin duban da yarinyar nan ta yi mini ba, don tarbiyyarmu ma ba ta yarda ɗa ya ƙura wa uba ido ba. Shi ke nan, a bar wannan.

Sai maganar addini, wadda ita ce ta fi damun yawancinmu, kuma ta cancanci ta dame mu. Ban tsaya kan ɗan karatuna ba, na je wurin liman, na kuma je wurin wani malamin da na san ra'ayinsu ya saɓa. A kan furanni da itatuwa da tulu babu wanda ya ce komai. Dukansu sun kawo mini labarin da ke cikin Buhari da Muslim, na mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce sana'arsa ke nan yin hotuna, ya tsoratar da shi, sa'an nan ya nuna masa cewa in ba makawa to ya yi na itatuwa da abin da ba shi da rai. Saboda haka rabin aikin ajin nan ba shi da wata ƙura ko kaɗan.

Zanen mai rai shi ne wurin saɓani. Liman ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya abin da aka haramta kai tsaye shi ne mutum-mutumi, wato surar mai rai wadda ke da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika, ban da 'yar tsanar da yara mata ke wasa da ita. Wanda aka zana a shimfiɗe kan takarda ko ƙyalle bai kai haram ba, yana tsakanin makaruhi da abin da barinsa ya fi. Ya buɗe mini Risala ta Ibn Abi Zaid, can wajen ƙarshe, muka karanta wurin tare, sai na tuna mun biya shi a Islamiyya ina yaro, ban dai san zai zo mini a kan 'yata ba. Ɗaya malamin kuwa ya ce hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin sura suna da tsanani ƙwarai, kuma manyan malamai irin su Imam Nawawi ba su bambanta mai inuwa da marar inuwa ba, duka sun hana. Wannan ma gaskiya ne, ba shi ya ƙirƙira ba. Don haka duk wanda ya ce ɗansa ba zai zana mutum ba yana da madogara, kada wani ya kira shi baƙauye. Wanda kuma ya bari bisa maganar Malikiyya, kada wani ya fitar da shi daga sahu.

Sai dai in ɗan tsokane mu kaɗan. Kowa ya sa hannu a aljihu. Naira 5 Tafawa Ɓalewa ne, naira 200 Sardauna, naira 20 Murtala a gaba, Ladi Kwali mai ginin tukwane a baya. Duk hannun masu zane ne ya fitar da fuskokin nan, kuma da su muke shiga masallaci sau biyar a rana. Na san za a ce lalura ce, na kuma yarda. Amma ban taɓa ganin wanda ya mayar mini da canji don akwai sura a jiki ba.

Ni abin da na yanke a gidana shi ne, yarinyar ta ci gaba da furanninta, ta kuma zana mutum mai sutura a kan takarda, amma ba za a rataya shi a ɗakin da ake salla ba. Ginin sura da yumɓu kuwa ban yarda ba. Na faɗi wannan ne don malamin ya gaya mini yana da niyyar shiga aikin yumɓu nan gaba, saboda alfaharin da suke yi da kayan Nok, kuma suna da dalili. Garin Nok yana nan ƙasar Jaba, ba nisa. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono kawunan yumɓu a can, a 1943 kuma aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kai da aka samu wajen Jama'a, wanda aka ce wani ma'aikaci ya kafa shi a gonar doya yana korar dabbobi. Masana sun ce kayan nan sun haura shekara 2000, wasunsu na gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, da yawa kuma an haƙe su a ɓoye a shekarun 1990 an sayar ƙasashen waje. Mun yi da shi cewa ranar yumɓu namu yaran su gina tukunya da kasko, ya ce ai Ladi Kwali ma da tukunya ta hau naira.

Wani ya ce a taron jiya wai zane ba al'adar Bahaushe ba ce. Haba Alhaji! Allon saukarka wa ya yi masa zayyana? Rigar da ke jikinka, kafin mai ɗinki ya sa allura, ai sai da wani ya zauna da alƙalami da tawada ya zana aska takwas ɗin nan a kan yadin. Dagin da ke ƙofar gidajen sarakuna fa, da ƙunshin da ake yi wa amare, da zanen ƙwarya? Ku je birnin Zariya ku ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ku kuma dubi bangayen tsofaffin gidaje, inda magina suka fitar da keke da mota da agogo a jikin soro. Hannun muna da shi tun kaka da kakanni. Abin da muka yi sakaci da shi shi ne kai shi makaranta. A Zariyar nan dai, a 1958, ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane da ta yi suna a duniya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, wanda Musulmi ne ɗan Ikko. Daga Kudu suka taho har ƙofar gidanmu suka ɗebi ilimin suka tafi, mu muna ganin wasan yara ne.

Kuma ku 'yan'uwana 'yan kasuwa, mu yi maganar da muka fi ganewa. A 2023 da cutar nan ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko, nawa ne cikinmu suka kwana da bashi? Ni kaina sai da na sayar da fili. Dukanmu abu ɗaya muka iya, saye da sayarwa, kuma shi muke koya wa 'ya'yanmu, ranar da kaya suka ƙi sai gida duka ya zauna. Amma allon da ke saman shagona wani na biya ya rubuta. Zakin da ke bayan motar da ke ɗaukar mana kaya wani aka biya. Mai buga katin biki, mai zana wa tela sabon yayi, mai ƙunshin amare da ake ɗauka da mota tun daga Kafanchan, mai tsara takardar talla a kwamfuta, duk ido da hannu suke ci da su, ba ruwansu da farashin buhu. Yaron nan ɗan mai gyaran keke, in aka riƙe shi, ba zai roƙi kowa ba.

Ba wai ban ga abin gyara ba. Na gani, na kuma faɗa wa malamin a gabansa. Lokacin ajin yana cin sallar La'asar, yana kuma shiga lokacin Islamiyya, ranar ma sai da na tashi yaranmu muka yi salla a baranda. Ya yarda a mayar da shi safe, daga tara zuwa sha biyu. Zaman maza da mata a benci ɗaya bai yi mini ba, ya ce za a raba layi. Na ga wasu suna ɗaukar hoto da waya suna cewa za su sa a Facebook, na ce ba da fuskar 'ya'yanmu mata ba. Kuma mace ba za ta zauna a kujerar nan maza su zana ta ba, in 'yan mata na so su yi wa junansu su kaɗai. A nan mun ɗan ja, ya ce wata tsohuwa daga danginsa ta taɓa zauna musu, na ce wannan tsakaninku ne, ni namu nake magana. Abin da nake roƙon ƙungiya shi ne, kowace Asabar a samu babba ɗaya daga cikinmu, namiji ko mace, ya je ya zauna a ɗakin. Ba don gadi kawai ba, don su ma iyayen wancan ɓangaren su ga muna zuwa. Sa'an nan a fitar da ɗan wani abu daga asusu a saya musu takarda, don na ga wasu a bayan kwalin sabulu suke zane. Ni na ɗauki nauyin fensir na wata uku.

Ga takardun nan guda 19 na taho da su, sakatare zai zaga da su, a riƙe da kyau don gawayi ne, yana gogewa. Za ku ga wani ya ba ni hanci kamar na shamuwa, wani ya mai da ni saurayi, Allah Ya yi masa albarka. Na 'yata shi ne wanda ba fuska, riga da hula kawai ta zana, ta ce ta kasa ɗaga ido ta dube ni. Mai tabo a gira kuwa shi ne na yarinyar da na ba ku labari, wannan a dawo mini da shi, na riga na biya ta, ta ƙi karɓa sai da na haɗa ta da kakarta.

Asabar mai zuwa ƙarfe tara ne. Tsohon mai gadin yana gona har sai an gama shuka, kujerar ba kowa. Na ga Baba Ladan yana kallona tun ɗazu, to Baba, minti ashirin ne sau biyu, kuma an yarda ka riƙe carbinka.